Silifata da Kilishin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ta bakin teku a tsibirin Korsika ba, ko da na so in manta. Na yi ƙoƙari, wallahi. Ta ƙi fita.

Ni dai kowa a unguwarmu ta Guillotière a Lyon ya san bakina. Inna ma cewa take Allah ya manta bai saka min birki ba. To sai ga Musa ya ce yana sona da aure. Iyayensa a Paris suke, mahaifinsa babban ma'aikaci ne, irin gidan da ko tari a hankali ake yi. Suka gayyace ni hutu tare da 'yan'uwansa mata, wai in huta. Ni na san ba hutu ba ne, jarrabawa ce.

A tashar jirgin ƙasa Inna ta kama kunnena. "Ke, kwana biyar ne kacal. Ki rufe bakin nan. Idonki a ƙasa, in an yi magana ki ce to."

Kwana uku na yi ina cewa to. Har Hajiya, mahaifiyar Musa, ta ce wa wata a waya, "Yarinyar akwai kunya, ko muryarta ba a ji." (Da Inna ta ji wannan da ta suma.)

Rana ta huɗu muka je wani lungu na bakin teku da duwatsu suka kewaye. Ba iska, ba igiyar ruwa, jarirai na wasa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Wurin shiru yake kamar asibiti, ko tsofaffin Turawa raɗa suke yi. Hajiya ta buɗe jaka ta fito da kilishin da aka aiko wa Alhaji, mahaifin Musa, daga Damagaram, ragowar na ƙarshe, ta ɗora a faranti.

"'Yata, kai wa Babanku."

'Yata fa! Zuciyata ta ce shi ke nan, kin ci.

Alhaji na kishingiɗe a ƙarƙashin laima. Na je na durƙusa a kan yashi, na sunkuyar da kai, na ɗaga farantin sama da hannu biyu yadda Inna ta koya min. Wanda idonsa ke ƙasa kuwa ba ya ganin abin da ke tahowa daga sama. Sai na ji fuuu, faranti ya yi sauƙi. Wani ƙaton farin tsuntsun teku ya sure kilishin gaba ɗaya, ya sauka can bayan laimar yana kallona.

Shirun kwana uku ya fashe a lokaci guda.

"Uwaka! Shege ɓarawo ɗan iska! Allah ya tsine wa ƙwan da ya ƙyanƙyashe ka!"

Na watsa masa daƙuwa da hannu biyu, na ƙara da Faransanci irin na layinmu wanda ba zan rubuta a nan ba. Wata Baturiya ta toshe kunnuwan ɗanta. Ban tsaya ba, na cire silifata na jefa da duk ƙarfina.

Daidai lokacin Alhaji ya ɗago ya ga me ke faruwa.

Tas! A kumatu. Tabaraunsa ya faɗi a yashi. Tsuntsun kuwa ko motsi bai yi ba, yana ta cin abinsa.

Musa ya shige ruwa har wuya ya juya mana baya. Alhaji ya ɗauki tabaraunsa ya busa, ya ce, "Babu komai." Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ashe kina da murya."

Daga nan ban sake jin "'yata" ba. Da ƙafa ɗaya babu takalmi na koma masauki, don ban iya zuwa kusa da laimar nan ba.

Mun yi da Musa cewa bayan hutu manyansa za su sauko Lyon da goro. Na jira wata guda. Sai ga ɗan ƙunshi daga Paris ta gidan waya. Inna ta buɗe da rawar jiki, har ta soma guɗa. Silifata ce a ciki, an wanke ta fes, babu ko wasiƙa.

Inna ta ajiye ta a kan talabijin, har yau ta hana a ɗauke.

Abin da na koya? Duk wanda ya sake zuwa neman aurena, tun ranar farko zai ji muryata. Kuma in zan durƙusa wa surukai a bakin teku, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama.