Alƙalamina da Farar Shaddar Malam Sabo

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da muka karrama Malam Sabo a Birnin Kudu, kuma ko na so in manta abokaina ba za su bari ba. Har gobe idan na shiga taro na kai hannu aljihun gaba, sai ka ga masu fararen kaya suna jan kujerunsu baya.

Bari in fara da amsa laifina. Rubutuna ba shi da kyau, kuma ba don tawali'u nake faɗa ba. Ni malamin gona ne a Gwaram. Akwai ranar da na rubuta wa wani manomin Fagam sunan maganin feshin wake, ya kai wa mai shago, mai shago ya juya takardar ya sake juyawa, ya ce a koma a tambayi wanda ya rubuta. Da aka dawo mini da ita, ni ma sai da na tambayi manomin a kan me muka yi magana.

Mutumin da ya fi kowa shan wahalar wannan rubutu shi ne Malam Sabo, wanda ya koyar da mu a aji huɗu na firamare a Birnin Kudu, inda na tashi. Shi kuwa rubutunsa ka rantse inji ne ya buga. Kullum akwai wani baƙin alƙalami mai shan tawada maƙale a aljihunsa, da shi yake ba mu maki da jar tawada. Idan ya zo kan littafina sai ya ɗaga shi, ya juya shi sama ya koma ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, ta wace ƙofa ake shiga?" Bai taɓa dukana a kan rubutu ba. Sai dai idan an tashi ya tsare ni, ya kama hannuna muna bin layi tare, ya ɗebo gyaɗa daga aljihu ya raba mana. Makin da na fi samu a wajensa biyu bisa goma ne (ɗaya na takarda, in ji shi, ɗaya na wahalar zuwa makaranta). Ranar da muka gama firamare ya dafa kaina ya ce, "Ina roƙon Allah kafin in mutu in karanta rubutunka ba tare da na aika a kirawo ka ba." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma maganar ta zauna mini a rai fiye da shekara talatin.

To, bara sai 'yan ajinmu suka ce a haɗu a karrama Malam, tun da ya tsufa, idonsa ma ya fara rauni. Aka shirya za a ɗinka masa babbar riga ta farar shadda, a kuma buga masa takardar yabo. Ni ne sakataren ƙungiyar (kada ka yi mamaki, a waya nake rubuta komai). Da na ji batun idon nan sai na ga in ban cika masa burinsa yanzu ba, wataƙila shi ke nan. Na ce a buga takardar amma a bar gurbin suna, ni zan rubuta da hannuna a gabansa.

Habu, shugabanmu, ya dube ni ya ce, "Sakatare, karramawa fa muka ce, ba ramuwar gayya ba."

Na dage har suka yarda. Kuma da yake ni mai zurfin tunani ne, sai na gano cewa duk shekarun nan ba hannuna ne ke da laifi ba, biro ne. Ai Malam ba da biro yake rubutu ba. In na samu irin alƙalaminsa, magana ta ƙare.

Neman alƙalamin nan ya ba ni wuya. A Gwaram na zagaye masu sayar da kayan makaranta kaf, kowa sai ya miƙo mini biro. Wani ya kawo mai kala huɗu, wani ya kawo mai fitila a gindi. Ranar Asabar na hau ƙaramar bas zuwa Birnin Kudu, nan ma haka, har wani ya tambaye ni ko na zanen lalle nake nufi. Daga ƙarshe aka kwatanta mini shagon wani dattijo, Alhaji Garba, mai sayar da littattafan addini da tsofaffin ƙamus a bayan kasuwa. Da na faɗa masa abin da nake nema sai ya cire tabarau ya ƙare mini kallo, ya ce, "Ikon Allah. Ashe akwai sauranku."

Ya jawo wani tsohon gwangwanin alewa daga ƙarƙashin kanta, ya buɗe. Guda uku ne a ciki. Ɗaya bakinsa ya karye, ɗaya ja ne, na ukun baƙi mai murfin ruwan zinariya, sak na Malam Sabo. Alhaji ya kwance shi ya nuna mini wata 'yar roba a cikinsa, wadda ake matsawa a saki ta zuƙi tawada. Ya ɗauko kwalbar shuɗiyar tawada guda ɗaya tak da ta rage masa, ya ce, "In wannan ta ƙare sai Kano. Kuma ka ji ni da kyau, wannan abin kamar jariri yake, ba a ba shi abin da ba nasa ba." Na ce to, amma hankalina na kan murfin.

Mako uku na yi ina atisaye. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗauko littafi mai jan layi da shuɗi irin na 'yan aji ɗaya, in yi ta rubuta "Malam Sabo" shafi bayan shafi. Yatsuna suka yi shuɗi kamar na marini. A ofis kuwa ina shiga da murfin nan yana ƙyalli a aljihu, ina yi wa masu biro kallon tausayi. Matata, Maman Ummi, takan leƙo ta ce, "Baban Ummi, wannan karon na gane ma'anar, saura haruffan." Amma a mako na uku da kanta ta ɗauki littafin ta karanta layi guda ba ta yi tuntuɓe ba, ta ce, "Lallai." Wannan "lallai" ɗin ta fi mini kyautar rago.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu taro, tawada ta ƙare ƙaf. Zuwa Kano daga Gwaram don kwalba ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne, ga aikin ofis. Ina cikin tunani sai idona ya faɗa kan kurtun tawadar allo da Maman Ummi ke haɗa wa yara, baƙa wuluk. Na ce alhamdu lillahi, ga abu a gida ina neman sa a dawa.

Ta ce, "Kai, Baban Ummi, gawayi ne fa da ƙaro. Ƙaro kuwa in ya bushe kamawa yake."

Na ce, "Tawada ai tawada ce. Da ita malamai suka rubuta ilimin duniya kafin a haifi wanda ya ƙera wannan alƙalamin."

Ta ce, "Da alƙalamin kara suka rubuta."

Ban kula ta ba. Na tsoma, na matsa roba, ta sha ta ƙoshi. Na gwada, sai ga rubutu baƙi siɗik, ya ma fi na shuɗiyar kyau. Na nuna mata ina taƙama, na rufe alƙalami na maƙala a aljihun rigar da zan sa. Nan ya kwana biyu cikin zafin bazara, ban sake buɗe shi ba, wai kada in ɓarnatar.

Ranar taro aka kafa rumfa a filin tsohuwar makarantarmu. Jama'a ta cika, tsofaffin ɗalibai har daga Kano, ga iyalan Malam, ga dattawan unguwa. Malam Sabo na zaune a gaba cikin farar shaddar da muka ɗinka, sai sheƙi take, gemunsa fari fat. Da aka zo kan takardar yabo, Habu ya miƙo mini lasifika. Da na yi shiru na rubuta abina, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na yi jawabi. Na ba da labarin biyu bisa goma, na tuna wa Malam addu'arsa, na ce, "Yau Allah ya karɓa." Na sa aka matso da teburi har gwiwarsa don ya gani da kyau. Sannan na zaro alƙalami na ɗaga sama kowa ya gani.

Malam ya yi murmushi ya ce, "A'a, irin nawa."

Na cire murfi, na ɗora baki a kan takarda, na ja. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Na sake ja, sai ƙarar karce. Na ɗan girgiza shi, ba komai. Daga bayan rumfa wani ya ce, "Sakatare, ga biro!" Na ɗaga hannu na ce a'a, irin wannan alƙalamin sai da lallashi. Na kwance shi, na riƙe shi bakinsa na kallon gaba (wato yana kallon Malam), na kama robar nan na matsa a hankali. Ta ƙi. Na matsa da ƙarfin da nake murɗa injin feshi.

Ƙaron da ya toshe bakin ya fita fit, tawada ta biyo shi tsiiit.

Ta sauka a ƙirjin farar shadda, daidai kan aikin wuya. Ta fantsama a gemu. Ɗigo biyu a kan tabarau, ɗaya a hula, sauran a kan takardar yabo. Filin ya yi tsit, har kukan wata akuya nake ji daga bayan aji shida. Na tsaya da rabin alƙalami a kowane hannu, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Wallahi kunyar jama'a ba ta dame ni kamar yadda na ji a raina cewa na ɓata wa tsohon nan ranarsa ba.

Malam ya sunkuya ya dubi ƙirjin rigarsa. Ya cire tabarau, ya dangwali tawadar da ke gemunsa, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Lasifikar na kan teburi a kunne, don haka kowa ya ji.

"Ƙaro," in ji shi. "Ɗan nan, tawadar allo ka ɗura masa?"

Na ce, "E, Malam."

"Ba wanda ya hana ka?"

"An hana ni, Malam."

Wurin ya ɓarke da dariya. Habu har ya sauko daga kujera yana riƙe da ciki. Ta ɓangaren mata na hango Maman Ummi ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Malam da kansa ya yi dariya har da hawaye, ya ce a kwantar da hankali, tawadar allo ce, ruwa ma wanke ta yake. Aka kawo buta ya wanke gemu. Habu ya ce za a sake bugo wata takardar, Malam ya dafe ta da tafin hannu ya ce wannan yake so.

Sai ya juyo gare ni. "Ka tara mutane ka ce an karɓi addu'ata. To, ban gani ba tukuna. A ba shi biro."

Aka miƙo mini wani biro mai taunannen murfi. Na sunkuya, na nemi inda tawada ba ta taɓa ba, na rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi, yadda na yi ta yi a kan tabarma. Ya goge tabarau da bakin riga, ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da hancinsa. Bai juya ta sama ko ƙasa ba.

"Malam Sabo," ya karanta. Sannan ya ce, "Na karanta. Ban kira kowa ba."

Ya laluba aljihu ya ce wa ke da jan biro. Aka ba shi, ya rubuta wani abu a kusurwar takardar, da hannun nan nasa da har yanzu bai karkace ba. Na leƙa, shida bisa goma. Ya ce da bakwai ne, ya cire ɗaya na riga. Ni da na zo in burge jama'a, sai ga ni ina share hawaye da hannu mai tawada, na ƙarasa taron da baƙin gemu na aro.

Rigar ta wanku, sai ɗan duhu da ya rage cikin zaren aikin wuya, kuma ita yake sawa ranar Juma'a. Takardar tana rataye a zaurensa da tabonta da makinta, duk baƙon da ya shiga sai ya sha labari. Idon nasa ya ƙara rauni yanzu, jikokinsa ke karanta masa saƙo, shi ya sa nake gode wa Allah da ban jira wata shekarar ba.

Alƙalamin kuwa Alhaji Garba ya jiƙa shi a ruwan ɗumi ya farfaɗo, bayan ya yi mini faɗan da ban sha irinsa ba tun ina aji huɗu. Abin da na koya shi ne, gyaran rubutu a hannu yake da tabarmar la'asar, ba a murfin zinariya ba. Sannan duk ranar da Maman Ummi ta fara magana da "Kai, Baban Ummi," ajiye abin da ke hannuna nake yi, musamman in akwai mai farar riga a kusa.