Rasuwar Sirinjin Gilashi na Malam Dankure

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Malam Atiku Dankure, ma'aikacin jinya a Birnin Kebbi ta Jihar Kebbi, yake sanar da rasuwar sirinjinsa na gilashi ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara yana aiki.

Aikin marigayin shi ne ɗebo jini daga jijiya mai harbawa ta wuyan hannu, domin a auna iskar da ke cikinsa idan numfashi ya ƙwace wa mutum. Bai taɓa ƙarya ba. Da allura ta sami jijiyar sai ya cika da kansa, jini ja wur, ba a ja shi ba. Saboda haka ne masunta daga Argungu suke cewa in ba Atiku ba, kada a taɓa su, shi suka ɗaya yake yi. Atiku kuwa ya karɓi yabon shekara tara bai gyara musu zance ba.

Marigayin bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi. Abokin aikinsa Labbo, mutumin da kullum gaggawa ke cinsa amma bai taɓa isowa aiki kan lokaci ba, shi ya tsamo shi daga tukunyar tafasa ya jefa cikin kwanon ƙanƙara, wai don ya huce da wuri. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙas". Labbo ya ce ƙaddara ce. Atiku bai yafe ba.

Marigayin ya rasu ya bar allurai uku, da tukunya, da wasu sirinjojin roba marasa tarbiyya, sai an ja su suke motsi. Ya kuma bar Tamba masunci kwance yana haki. Jiya Atiku ya soke shi sau huɗu da na roba, baƙin jinin wata jijiya ya samo, ba jan jinin mai harbawa ba. Tamba ya janye hannunsa, ya nemi a kira masa wani. Gobe likita na son jinin.

Za a yi jana'iza yau bayan la'asar a bayan ɗakin magani, cikin auduga. Ba a buƙatar ta'aziyyar Labbo. Ya dai zo da wuyan hannunsa, hagu da dama, Atiku zai koyi aiki da na roba kafin gobe.