Ama Siu-lian a Kan Kujerar Kwali

"Ka ci abinci, ko yau ma kwalin ka jiƙa ka sha?"

Da wannan gaisuwa Ama Siu-lian, wato Kaka Siu-lian, ta turo ƙofar ɗakin jikanta a birnin Tainan, tana haki, da kwanon miyar kifi a hannu. Yao-ting ya yi wuf ya karɓi kwanon. Tun da ya ajiye aikin kamfani ya koma ƙera kayan ɗaki da kwali da takarda, mahaifinsa ya daina kula shi. Shagon da ke ƙasan gidansu na gado kuwa, inda yake burin baje kolinsa, makullinsa na hannun wannan kaka tasa. Duk da haka, bakinsa bai mutu ba.

"Ama, ashe har yanzu kina hawa bene? Da kin yi magana na zuro miki kwando."

"Na hau dutse da ubanka a goye. Kauce in ga abin kunyar."

Ya kauce. Ga kujera mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, ga tebur mai ƙofofi kamar saƙar zuma, ga fitilar takarda ta buɗe kamar fure. Tsohuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni! Ja'iri, har ka gama haɗa mini?"

"Haɗa miki me?"

"Kayan lahira mana! Ba irinsu muka ƙona wa kakanka ba da ya rasu, don ya yi amfani da su a can? To ina motar takardar? Ko da ƙafa kake so in tafi?"

"Mota? Ke da ko keke ba ki iya ba? Ki je ki kaɗe matattun mutane, a ce sun mutu sau biyu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Kwantar da hankalinki, Ama. Ke ko an aiko a tafi da ke, 'yan aiken ne za su gudu saboda mita. Waɗannan kayan na masu rai ne. Masu ido kuma."

"Ido? Idona ya ga guguwa kafin a haifi uwarka. Ruwa ya shigo, gidanka ya zama kunu."

"Na shafe su da abin da ruwa ba ya ratsawa. Gani ya kori ji, ki zauna."

"In zauna in karya ƙugu ka ci gado? Fara zama."

Yao-ting ya zauna a kan kujerar, ya tashi, ya hau kanta da ƙafa biyu ya yi tsalle. Kujera ko gezau.

"Wannan ba shaida ba ce," in ji ta. "Kai ai sauro ya fi ka nauyi."

"Shi ya sa nake neman giwa."

Ta ɗaga lemar da ta shigo da ita za ta kwaɗa masa, ya goce. Sai ta juya, ta riƙe hannun kujerar, ta sauka a hankali kamar mai shiga ruwan sanyi. Bayanta ya sami mazauni. Ta jingina, ta miƙe ƙafafu, ta lumshe ido.

"Babu daɗi ko kaɗan," ta ce, ido a rufe.

"To tashi."

"Ban gama jin rashin daɗin ba."

Tana shafa gefen kujerar da yatsa, tana bin layin ninkin.

"Wa ya koya maka wannan naɗi?"

"Wata tsohuwa mai faɗa, da take sa ni naɗe shinkafa a ganyen gora, in na karkace ta ja mini kunne."

"Ashe sata ka yi. Da ma na san kanka bai kai nan ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Tsohuwa uwar wa?"

Ta zura hannu cikin jaka, ta jefa masa makulli a ƙirji.

"Ka share shagon. Ubanka ka bar ni da shi, ni na yaye shi. Amma da sharaɗi: ka ƙera wa kakanka irin wannan sak, in ƙona masa. Wadda ubanka ya saya masa mai araha ce, kullum sai ya zo mini a mafarki yana dafe da baya."

"Ama! Wata guda cur nake yi a kan guda ɗaya, ki cinna mata wuta?"

"Kai ɗan kasuwa ne kuwa? Na samo maka mai saye wanda ba zai taɓa dawo da kaya ba, kana ƙorafi?"

Dariya ta ƙwace wa Yao-ting har ya durƙusa.

"Na sallama, Ama. Kin ci."

"Na sani. Zuba mana miyar, a nan zan sha tawa."