Ranar da Na Sa Sabon Malami Shara

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, lokacin ina aji biyar a wata sakandaren jeka-ka-dawo ta maza a Gusau. Shekara guda ke nan da ba mu jihar Zamfara, gari ya cika da sababbin ofisoshi, kowa ka gani an naɗa shi wani abu. Ni ma sai aka naɗa ni firifet mai kula da 'yan makara.

Aikin bai wuce tsayuwa bakin ƙofa ba, amma yadda na ɗauke shi sai ka ce kwamishina aka ba ni. Bajon da aka maƙala mini a ƙirji, har kasuwa nake zuwa da shi. Na samo tsumagiya, na riƙa koyon ɗaure fuska a gaban madubin Inna (ita kuwa ta ɗauka ciwon haƙori nake yi). Da an kaɗa ƙararrawa, duk wanda ya iso sai ya durƙusa ko ya ɗauki tsintsiya, kuma ba na sauraron uzuri. Ina da dalilina. A ƙarshen zango za a zaɓi sabon shugaban ɗalibai. Malamai ke fitar da 'yan takara, ɗalibai su jefa ƙuri'a, ni kuwa na riga na sa rai. A tunanina, idan malamai suka ga zafina, magana ta ƙare.

Ranar na tara kusan mutum ashirin a durƙushe, sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke wani daga babur a bakin ƙofa. Gajere ne, siriri, ba gemu ba gashin baki, sanye da farar riga da wando ruwan ƙasa, sak yunifom ɗinmu. Ya rataya jaka, yana ta sauri zai shige.

"Kai, dawo nan," na ce, na gitta tsumagiya. "Ƙarfe nawa yanzu?"

Ya yi mini sallama, ya ce, "Ka yi haƙuri, daga Tsafe na hito, motar da munka shigo ce ta lalace a hanya. Ni ne..."

"Ban tambaye ka ko kai wane ne ba. Baƙo ne kai, shi ya sa ba ka san ni ba. Durƙusa."

Ya dube ni, ya dubi waɗanda ke ƙasa, sai na ga ya yi ɗan murmushi. (Wannan murmushin ya kamata ya ankarar da ni, amma ina.) Ya ce gwiwarsa na ciwo, in ba shi wani aikin. Na karɓe jakarsa, na miƙa masa tsintsiya, na nuna masa gaban ofishin shugaban makaranta. Da gangan na zaɓi wurin, don shugaba ya leƙo ya ga yadda nake aiki. Har na bi shi ina gyara masa: "Sunkuya da kyau. Haka ake shara a garinku?"

Shugaba kuwa ya leƙo. Dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabaran, ya goge, ya mayar.

"Malam Nasiru, mi kake yi da tsintsiya?"

"Ranka shi daɗe, na makara ne, kuma hukuma ta yi aikinta." Ya nuna ni.

Ashe sabon malamin lissafi ne da ma'aikatar ilimi ta turo, wanda muka yi wata biyu muna jira. Ban san lokacin da tsumagiya ta suɓuce daga hannuna ba. Ga jakarsa rataye a kafaɗata kamar tawa. Can bakin ƙofa, waɗanda na durƙusar suka fara da ƙyaƙyatawa a ɓoye, daga baya suka saki dariya gaba ɗaya, har wani ya kwanta. Ni kuma, don tsabar ruɗewa, sai na ji bakina ya ce, "Malam, ai ka kusa gamawa." Har yau ban san abin da nake nufi ba.

A ofis shugaba bai ja zance ba. Ya ce gobe a taron safe za a cire mini bajo a gaban kowa, kuma a kira mahaifina. Babanmu yana sayar da hatsi a kasuwa, kuma ya riga ya shaida wa duk 'yan layinsu cewa ɗansa ya samu muƙami. Tunanin fuskarsa ya fi cire bajon yi mini zafi.

Malam Nasiru ne ya cece ni. Ya ce shi bai ji haushin shara ba, abin da ya dame shi shi ne ban bar shi ya ƙarasa magana ba. Ya juyo gare ni. "Waɗancan da ka durƙusar, mutum nawa ka san dalilin makararsu?" Sai ya roƙi a bar mini bajon, amma a karɓe tsumagiya a ba ni littafi. Mako biyu, duk wanda ya makara in tambaye shi dalili, in rubuta.

Kwanakin farko sun yi mini ɗaci, don ko 'yan aji ɗaya suka wuce sai su yi kamar suna shara. Amma littafin ya fara cika. Akwai masu baccin safe, ba musu. Sai dai yawancin waɗanda na fi azabtarwa daga nesa suke zuwa. Sanusi, ɗan ajinmu da na sa wa suna sarkin makara, daga wajen Wanke yake taho da keke, bayan ya ba shanun gidansu ruwa. Wasu biyu daga hanyar Bungudu, sai sun samu motar da za ta rage musu hanya. Shekara biyu muna aji ɗaya da Sanusi, ban taɓa sanin inda yake kwana ba.

Na kai littafin gaban majalisar ɗalibai, na karanta. Aka yi ta gardama, wasu suka ce in aka sassauta wa 'yan nesa, kowa zai koma ɗan ƙauye don ya tsira. A ƙarshe muka rubuta wa shugaba takarda, ya amince a ƙara wa 'yan nesa rabin awa, kuma kowane aji ya sa wanda zai ba su aron littafi su kwafi abin da ya wuce su.

Da zaɓe ya zo, Malam Nasiru da kansa ya sa sunana. Ban ci ba, na zo na biyu, aka ba ni mataimaki. Sanusi ya ce duk 'yan nesa ni suka zaɓa, "ba don kana da kirki ba, don dai ka fara gyaruwa." Na karɓa a haka. Malam kuwa ya koyar da mu har muka gama, kuma duk ranar da na kasa lissafi a allo sai ya ce, "Kar ka damu, ai ka kusa gamawa."

Tun daga nan, duk wanda ya fara ce mini "Ni ne...", ina rufe bakina sai ya kai aya. Ba wai na zama waliyyi ba ne. Na dai gano cewa jiran ƙarshen maganar mutum bai wuce daƙiƙa biyar ba, kunyar katse shi kuwa ga ta har yau ina ba ku labari.