Tartsatsin Mai Girma da Cizal Ɗin Babana

Yau na dawo gida da sabuwar hula a ka da mataccen cizal a aljihu, kuma duka biyun alherin hukuma ne. Ku ba ni aron kunnuwanku, jama'a, don in na haɗiye maganar nan sai ta zame mini ciwo.

Ni kafinta ne, kafinta kuwa kaifi ne jarinsa. Ina da wani tsohon injin washi da na gada wurin mahaifina, irin wanda dutsensa ke kwance kamar faifai, ga ɗan gwangwani a sama yana ɗiga masa ruwa. Ruwan nan ba ado ba ne. Ƙarfe in ya yi zafi wajen washi sai bakinsa ya ƙone ya yi shuɗi, daga nan kome kaifin da ka ba shi, yana haɗuwa da katako zai lanƙwashe. To kwanakin baya masu wutar lantarki, Allah ya ƙara musu basira, bayan sun daɗe ba su leƙo mu ba, sai suka turo mana duk wutar da muka yi rashi a lokaci guda. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya ce ga garinku nan.

Babu lungun kasuwar da ban shiga ba. Kowa sai ya ɗauko mini irin na masu walda, mai dutse a tsaye, mai ihu da feshin wuta. In na ce mai ruwa nake nema, sai a dube ni kamar na tambayi nonon kaza. Wani ya ce akwai a wani gari, amma motar da ke zuwa can ta daɗe a layin mai har direbanta ya kafa teburin shayi a wurin. Haka na koma dutsen hannu, rabin yini ina guga, masu ƙofofi suna yi mini zarya.

Ana nan sai maƙwabcina mai faci ya leƙo shago.

"Maƙwabci, kai ba ka jin rediyo ne? Hukumar Share Hawayen Masu Sana'a za ta raba kayan aiki. Har da injin nan naka na gani."

"Da idonka?"

"A hoto dai. Amma fa hoton babba ne."

Uwargida da ta ji labari ta ce, "Maigida, banza ba ta kai zomo kasuwa. In dai sai ka je, ka bar cizal ɗin Baba a gida." Cizal ɗin da take nufi shi ne wanda nake fafe ramin haɗin ƙofa da shi. Ƙarfen da ne, ba a yin irinsa yanzu, kuma washin shekaru ya cinye shi har bai fi tsawon yatsa ba. Na ce mata ai inji ba a gane shi sai da ƙarfen da ka san halinsa. Na jefa shi aljihu na fita.

Mun sha rana a filin taro har inuwa ta juya, sannan Mai Girma Garkuwan Talakawa, Uban Tallafi, Mai Almakashin Buɗe Ayyuka, ya iso da jerin motoci. Ashe man da muke nema a tankunansu yake hutawa. Aka yaye ƙyallen da ke kan tebur, sai na zaro ido. Shi ne! Dutse a kwance, gwangwani a sama, sabo fil. Ƙwaya ɗaya ne tal, amma na ce sauran suna cikin mota.

Wani jami'i mai kati a wuya ya tambaya ko akwai wanda ya iya aiki da shi. Kafin ya rufe baki na ɗaga hannu. Aka kifa mini hula mai hoton Mai Girma, na zuba ruwa, na ɗora cizal. Dutsen ya kama shi a hankali, ba hayaniya, ruwa na gangarowa. Wallahi sai da ƙwalla ta taru a idona don daɗi.

Sai mai ɗaukar hoto ya ɓata rai. "Yallaɓai, wannan ba zai fita ba. Kamar wanke-wanke yake yi. Ina tartsatsi?"

Jami'in ya matso. "Malam kafinta, ina wutar?"

"Ranka ya daɗe, wannan ba ya wuta. Ruwan ne ke hana ƙarfen…"

"To a cire ruwan mana! Mai Girma bai baro ofis don ya kalli ɗigo ba." Ya cire gwangwanin da kansa, ya tsane dutsen da hankicinsa, sannan ya raɗa mini, "Ka taimake mu, mu taimake ka. Kai ne na farko a rabo."

Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga hula a kaina, ga alkawari a kunnena, ga idon jama'a. Na danna cizal a kan busasshen dutsen. Aka ce in ƙara, na ƙara. Tartsatsi ya fara fita, fili ya ɗauki tafi, ni kuwa ina kallon shuɗi yana hawa bakin cizal ɗin babana. Mai Girma ya karɓi lasifika ya ce da can masu sana'a a cikin duhu suke, yau ga haske kowa ya gani. Ya girgiza hannuna sosai, yana kallon mai hoto.

Ina tsaye aka mayar da injin cikin kwalinsa. Na bi jami'in har bakin mota na ce ina nawa.

"Haba malam, wannan ai na ƙaddamarwa ne. Gobe muna wata unguwa da shi, jibi wata. Naku yana hanya."

Da na koma shago na gwada cizal ɗin a jikin katako, bakin ya naɗe nan take. Dogon cizal in ya ƙone sai a cinye wurin a sake masa baki. Wannan in na cinye inda ya ƙone, ƙota kawai za ta rage. Na zauna a kan benci, ina jujjuya shi a hannu cikin baƙin ciki, don hannun babana ne ya lailaye ƙotar nan kafin nawa. Uwargida ta leƙo, ta dubi cizal, ta dubi hula, ta juya ta tafi abinta. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Mai faci kuwa da murnarsa ya shigo. "Maƙwabci, ka fito a talabijin! Kai, tartsatsin nan ya yi kyau!"

Don haka har yanzu ina cigiya. Duk wanda ya san inda ake samun injin washi mai kwantaccen dutse da ruwa, ko tsoho ne, ya yi wa Allah ya sanar da ni, muddin ba babban mutum ba ne, don na ƙoshi da taimako. Kai kuma ɗan'uwana kafinta na unguwar da za a je gobe, ka tafi da tsohuwar ƙusa a aljihu, ita ma tana tartsatsi. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, amma ka hanzarta, kafin jami'in ya ɗauke gwangwanin.