Ranar da Majalisa Ta Toshe Magudana

A wani daji akwai tafki guda ɗaya, kuma aikin Bushiya ne ta ɗanɗana ruwansa kowace safiya. In ta ji gishiri-gishiri ta san ruwa ya ja baya, sai ta gaya wa Tsattsewa, ita kuma ta tashi fir ta gaya wa kunkuru biyu masu tsaron magudana su toshe. In ruwa ya yi yawa su buɗe. Ba wanda ya taɓa kwana da ƙishirwa, saboda haka ba wanda ya taɓa gode wa kowa.

Abin nan ya tsaya wa Burtu, shugaban majalisa, a rai. Ya ce, "Jama'a, ana toshewa ana buɗewa ba da saninmu ba. To mu ado ne? Daga yau ba saƙon da zai tashi sai mun zauna a kansa."

Raƙumi ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da nake kwana goma ban sha ruwa ba, a jikina ba a zaman majalisa. Da gishiri ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙoda sinadari, ƙoda ta riƙe ruwa, ni kuma ƙishirwa ta tura ni rijiya."

Burtu ya ce, "Shi ya sa har yau ba a naɗa wa ƙodarka rawani ba." Aka tafa.

Da rani ya tsananta, Bushiya ta ɗanɗana ta yamutse fuska. 'Ya'yanta huɗu ko ƙayarsu ba ta yi ƙwari ba, kogi kuwa tafiyar kwana uku ne. Ta ruga majalisa.

Gaisuwa ta cinye ranar farko. Kashegari Zalɓe ya ce harshe ɗaya ba ya shaida, sai aka kafa kwamitin ɗanɗano: Giwa da Ɓauna da Dorina. Kowa dai ya san yadda Giwa take ɗanɗana abu. Jawabi kuma yana busar da maƙogwaro, don haka duk wanda ya miƙe sai an ɗebo masa ƙwarya biyu. Su kunkuru suna kallon ruwa yana zurarewa, suna cewa ba a aiko ba.

Bushiya ta ce, "Don Allah ku saki Tsattsewa, sannan ku ci gaba da zamanku!"

Burtu ya ce, "Baiwar Allah, sauri ya haifi nawa."

Rana ta tara kwamiti ya tabbatar akwai gishiri, majalisa ta amince baki ɗaya. Lokacin tafki ya riga ya ƙafe, Bushiya ta kama hanyar kogi tana hawaye, tana janye da 'ya'yanta cikin rana. Tsattsewa ta wuce ta samanta ɗauke da saƙo.

Kunkuru suka toshe magudana da yumɓu, toshewa mai kyau, har majalisa ta yaba musu. Tun ranar ko ɗigo ɗaya bai sake fita ba.