Dubulbe

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya ƙone ciyawa, ni ne sakataren ƙungiyar makiyayan Tchaké. Muka buɗe shafin intanet don masu porje, ƙungiyoyin agaji, su gan mu su kawo dusa. Amma in ka nemi sunanmu a intanet, sai ka gaji ba ka iske mu ba.

Wani mai sibar, shagon intanet, a Tasawa ya fara yi mini bayani, yana ce mini Mushe, wato malam: "Mushe, injin bincike yana ɗaga wanda ake yawan ambata..."

Na ce na gane, na tashi. Ni da na yi lakwal, na sha boko!

Ran kasuwa na ɗauko sankira, na biya shi da akuyata. Ya wuni yana zagaya kasuwar dabbobi yana rangaɗa www ɗin farkon adireshinmu da Faransanci: "Dubulbe, dubulbe, dubulbe!" Har shanu suka firgita.

Na koma Tasawa ina taƙama. Shafi yana nan inda yake. Mai sibar ya dafe kai: "Mushe, wasu shafuka ne za su ambace ku, su sa mahaɗi zuwa naku. Injin ba ya cin kasuwa."

Dusa ba ta zo ba, akuya ta tafi. Har yau in na doso, dillalai sai su ɗaga murya: "A ba Dubulbe hanya!"